Haƙoran Yara Amana Ne a Hannun Masu Reno

Wannan shi ne cikakken jawabin da wata jami'ar kiwon lafiyar baki ta gabatar a gaban iyaye mata, da masu reno, da malaman makarantun ƙananan yara, a wata unguwar Hausawa da ke cikin birnin Ikko. An buga shi ne domin amfanin 'yan'uwa mazauna sauran garuruwan Kurmi, waɗanda halin zamansu bai bambanta da na mutanen Ikko ba.

Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne haƙoran ƙananan yara, da kuma hakkin da ya rataya a wuyan duk wanda aka bar wa yaro ya yini da shi.

Kowa ya san yadda zaman Kurmi yake. A gida Arewa yaro yakan tashi ne a tsakiyar babban gida, kaka tana nan, gwaggo tana nan, idan uwa ta shiga aiki akwai idon da ke kansa. A Agege kuwa, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal, yawanci ɗaki ɗaya ne ko biyu. Maigida ya fita tun asuba zuwa kara ko kasuwa ko wurin gadi, uwargida kuma tana da nata, ko tuya, ko ɗinki, ko aikin ofis. Saboda haka yaro ɗan shekara 2 ko 3 yakan yini a hannun maƙwabciya, ko 'yar reno, ko gidan rainon yara da ake biya wata-wata, ko kuwa ajin share fage na makarantar Islamiyya. Yaron da aka kai ƙarfe 7 na safe aka ɗauko ƙarfe 4 na yamma ya yi awa 9 ke nan a hannun wasu, watau fiye da rabin lokacin da idonsa ke biyu. Abin da ya shiga bakinsa cikin waɗannan awoyi shi ke gyara haƙoransa ko ya lalata su.

"Ai na nono ne, za su zube"

Wannan ita ce maganar da aka fi ji a bakin iyaye idan aka nuna musu baƙin tabo a haƙorin ɗansu, kuma ita ce ta fi kowace magana jawo hasara. Gaskiya ne haƙoran nono za su zube, amma ya kamata a san yaushe. Sukan fara tsirowa ne tun yaro yana da kimanin wata 6, su cika 20 wajen shekara 3. Na gaba su ne ke fara faɗuwa wajen shekara 6, amma matauna na ciki ba su gama faɗuwa sai yaro ya kai shekara 11 ko 12. Ashe ke nan mataunin da ya yi kogo tun yaro yana ɗan shekara 3, zai iya zama da shi yana ciwo har shekara takwas.

Cikin waɗannan shekaru da su yaro ke tauna abinci, da su yake koyon furta haruffa daidai, kuma su ne ke riƙe wa haƙoran girma wurinsu a cikin muƙamuƙi. Idan aka cire haƙorin nono tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sukan karkato su cike giɓin, sa'an nan haƙorin girma ya rasa hanya, ya fito a karkace ko ya hau ɗan'uwansa. Haka kuma ruɓar da ta kai saiwar haƙorin nono tana iya taɓa na girman da ke kwance a ƙarƙashinsa tun bai fito ba. Ban da wannan, yaron da haƙori ke damu ba ya barci, ba ya cin abinci sosai, ba ya natsuwa a aji, uwarsa kuma ta bar kasuwa ta yini da shi a layin asibiti.

Akwai wani abu kuma da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Wajen shekara 6, matauni na farko na girma yakan fito can bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yake ba a ga giɓi ba, sai a zaci shi ma na nono ne, a bar shi ya ruɓe, alhali kuwa shi idan ya tafi ya tafi ke nan, babu wani da zai maye gurbinsa.

Wannan matsala ta game duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono.

Yadda haƙori ke yin kogo

Mutanen dā sukan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Binciken likitoci ya nuna babu wata tsutsa a ciki. Abin da ke akwai shi ne waɗansu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin daskararren dattin nan mai santsi da ke taruwa a gindin haƙora. Abincinsu sukari ne. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizaye farin ɓawon da ya rufe haƙori. Wannan zaizaya takan ɗauki minti 20 zuwa 30 bayan an gama ci, kafin miyau ya wanke tsamin ya fara mayar wa haƙori abin da ya rasa. Ɓawon haƙorin nono kuwa ya fi na babba rashin kauri, shi ya sa yake saurin hujewa. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan za a gane cewa yawan lokutan da yaro ke shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. Yaron da ya sha alewa uku a zama ɗaya bayan cin tuwo, sau ɗaya aka kai wa haƙoransa hari. Wanda kuwa aka ba biskit da hantsi, minti da azahar, zoɓo mai sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan har la'asar, miyansa bai sami sararin yin gyara ba ko kaɗan. Da dare kuma, ko lokacin barcin rana, miyau yakan ragu ƙwarai. Wannan ne ya sa al'adar kwantar da yaro da bulumboti cike da shayi, ko koko mai sukari, ko lemo, ta zama babbar hanyar da haƙoran sama na gaba ke ruɓewa tun yaro bai cika shekara 2 ba.

Abin da ke cikin jakar yaro

Duk wanda ya buɗe jakunkunan yara a gidan raino da safe zai ga abu kusan iri ɗaya: biskit, lemon kwali, alewa, cingam, cakulan. Ba a zargin uwa a kan wannan, gama ita sauri take yi ta kama mota, kuma abin da ke kan tebur a bakin ƙofa shi ne mafi sauƙin saye. Mai reno ma, da yara goma sha biyar suna kuka lokaci guda, minti ne ya fi saurin sa su yin shiru. Amma lalle ne a san abin da ake bayarwa. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana iya ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi 8 ko 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, cikin shawarar da ta bayar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, kuma in an sauko da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum ma kashi 5 ɗin nan kimanin cokali 6 ne, balle yaro ƙarami. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa, abin da ya fi shi ne kada a sa masa sukari a abinci sam, zuma ma kada a ba shi sai ya cika shekara guda. Gwamnatin Tarayya ita ma ta lura da illar, har ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari cikin dokar kuɗi ta 2021.

Abin da za a sa a madadi ba baƙo ba ne, yana nan a kowace kasuwa. Akwai ayaba, da gwanda, da kankana, da lemon zaƙi ɓararre, da dafaffen ƙwai, da ƙosai, da alala, da awara, da dafaffen dankali, da kindirmo wanda ba a zuba masa sukari ba. Abin sha tsakanin abinci da abinci ya zama ruwa ne ko madara tsura. Gyaɗa da aya suna da amfani, amma ba a ba ƙananan yara su ɗungum, saboda tsoron shaƙewa. Kayan zaƙi na gargajiya irin su tuwon madara da gullisuwa da alkaki da nakiya, da ma dabino, suna manne wa haƙori kamar yadda alewar kanti ke yi, don haka a bar su sai lokacin cin abinci, ko ranar biki.

Yana da kyau kowane gidan raino ya kafa doka uku ya gaya wa iyaye tun ranar da suka kawo yaro. Ta farko, akwai lokacin ci, sau biyu ko uku a yini, bayan shi babu ciye-ciye. Ta biyu, ba a kwantar da yaro da bulumboti a baki, kuma daga wata 6 a fara koya masa sha da kofi, ta yadda zai rabu da bulumboti wajen shekara guda. Ta uku, ba a yi wa yaro lada da alewa in ya yi ƙoƙari, ba a kuma lallashinsa da ita in ya yi kuka. Tafi da yabo da goyo sun wadatar. Haka nan a guji tauna wa jariri abinci, ko lasar cokalinsa, ko ciyar da yara da yawa da cokali ɗaya, domin ta haka ƙwayoyin cutar ke ƙaura daga baki zuwa baki.

Goge baki a gidan raino

Abu na biyu bayan rage zaƙi shi ne goge haƙora da man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya kuma taimaka masa ya warke daga zaizayar farko. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan mai cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Wanda zai saya ya duba jikin kwalin, ya ga an rubuta adadin fulorayid daga 1,000 zuwa 1,500.

Ana fara gogewa ne tun ranar da haƙori na farko ya ɓullo, da ƙaramin buroshi mai laushi. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, man da za a sa kada ya wuce girman ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Dalilin wannan awo shi ne ƙaramin yaro yakan haɗiye abin da ke bakinsa, fulorayid kuwa in ya yi yawa a jiki lokacin da haƙora ke ginuwa yakan bar musu tabo, kamar yadda ake gani a wuraren da ruwan rijiyarsu ke da shi da yawa, irin su yankin Langtang a Jihar Filato. A goge na minti 2, ciki da waje da saman matauna, sa'an nan yaro ya tofar, kada ya kurkure baki da ruwa, don a bar sinadarin ya zauna a kan haƙora ya yi aikinsa. Sau biyu ake yi a gida, da safe da kuma daf da kwanciya, na daren kuwa shi ne ba a wasa da shi. Hannun yaro ba ya iya aikin shi kaɗai sai ya kai shekara 7 ko 8, kafin nan babba ne zai goge masa ko ya tsaya a kansa.

To, mece ce rawar gidan raino a nan? An gwada abin a wata ƙasa an ga amfaninsa. A ƙasar Sikotilan da ke arewacin Birtaniya, inda haƙoran yara suka yi ƙaurin suna wajen ruɓewa, hukuma ta shiga raba buroshi da man goge baki a makarantun rainon yara daga 2001, kowace rana malama ta tsaya yara su goge a gabanta, daga baya a 2006 aka faɗaɗa shirin da sunan Childsmile. A 2003 kimanin kashi 45 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 ne aka samu ba su da alamar ruɓewar haƙori. Zuwa 2020 adadin ya haura kashi 70. Abin da aka yi can ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki, ana iya yinsa a zauren makarantar Islamiyya.

Ga yadda ake tsara shi. Kowane yaro da buroshinsa, a rubuta sunansa ko a yi masa alama da zare mai launi. A zaɓi lokaci guda a yini kada a riƙa canza shi. Mai reno ta wanke hannu, ta ɗiga man a kan faranti mai tsabta, ɗigo-ɗigo nesa da juna, kowane yaro a ɗauki nasa da buroshinsa, don kada bakin kwalbar man ya taɓa buroshin kowa. Yara su zauna a da'ira, ita ma ta riƙe nata buroshin tana nuna musu. In an gama, a ɗauraye kowane buroshi shi kaɗai, a tsayar da su kai sama inda za su sha iska, ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe su daga ƙuda. Bayan wata 3, ko da zarar gashin ya baje, a sake sabo. Da yake ba a kurkure baki, ruwan da ake bukata kaɗan ne, wannan kuwa sauƙi ne a unguwannin da ake sayen ruwa a jarka. Gogewar makaranta ƙari ce a kan ta gida, ba ta ɗauke wa iyaye nasu nauyin ba.

Za a tambaya, ina matsayin aswaki? Aswaki sunna ce, kuma yana share haƙora sosai a hannun wanda ya iya, haka ma itacen goge baki da Yarabawa ke kira pako. Babba ya ci gaba da abinsa, yaron da ya tasa ma a koya masa. Amma ɗan shekara 2 ko 3 taunawa kawai zai yi, yana iya kuma soke dasashinsa, ga shi ba zai sami fulorayid gwargwadon bukata ba. Gawayi da toka da gishiri kuwa suna kankare ɓawon haƙori, a nisanta su daga bakin yaro.

Zawon haƙori da maganin kemis

Akwai wata tsohuwar fahimta da ta ci rayukan yara masu yawa, wato cewa fitar haƙori ce ke kawo zawo da amai da zazzaɓi mai zafi. Fitar haƙori takan sa dalalar miyau, da ƙaiƙayin dasashi, da ɗan rigima, iyakarta ke nan. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori ya yi daidai da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai kome baki, ana kuma fara ba shi abinci ban da nono. Zawon daga ƙazanta yake, zazzaɓin kuma yana iya zama na cizon sauro. Mai renon da ta ga haka ta fara ba yaro ruwan gishiri da sukari na asibiti, ta aika wa uwarsa nan da nan a kai shi a duba, kada ta ce ai haƙori ne.

Game da magungunan fitar haƙori da ake saya a kemis, mutanen ƙasar nan ba su manta da abin da ya auku daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ba, lokacin da wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a nan Ikko da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar yara, har 84 suka rasu. Yaron da dasashi ke yi wa ƙaiƙayi, a wanke hannu a murza masa a hankali da yatsa, ko a ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya tauna. Mai reno kada ta ba ɗan wani magani sai wanda likita ya rubuta kuma iyaye suka kawo.

A ɗaga leɓe a duba

Aikin minti guda ne, ya kamata a yi shi sau ɗaya a wata. A wanke hannu, a ɗaga leɓen yaro na sama cikin haske, a dubi inda haƙori ya haɗu da dasashi. Farin layi mai kama da alli shi ne alamar farko, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ruɓar ba tare da an huda ko an cire ba. In ya zama ruwan ƙasa ko baƙi, ko aka ga kogo, ko ƙurji a dasashi, to sai likita. Abin da likitoci ke so shi ne a kai yaro su gan shi tun yana shekara guda, kafin wani ciwo ya taso. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko, inda aka fara horar da likitocin haƙori a ƙasar nan, yana Idi-Araba ne, ƙofa da ƙofa da 'yan'uwa. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Badun, da na Binin, da manyan asibitocin gwamnatocin jihohi.

Akwai kuma alamar da ba a kwana da ita. Idan dasashin yaro ya kumbura yana jini, bakinsa yana wari ƙwarai, kunci ya fara kumburi, musamman yaron da ya rame ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, a kai shi asibiti a ranar. Wannan yana iya zama mafarin cutar da likitoci ke kira noma, wadda sunanta ya yi kama da na aikin gona amma babu dangantaka tsakaninsu. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, ta ci naman fuska cikin 'yan kwanaki, kuma in ba a yi magani ba kusan 9 cikin 10 ba su tashi. In kuwa an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki suna tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma Nijeriya ce ta jagoranci roƙon da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Masu kai yara ganin gida su riƙe wannan, su kuma faɗa wa dangi a ƙauye.

Faɗuwa ma ba ta rabuwa da wurin wasan yara. In haƙorin nono ya fita gaba ɗaya, ba a mayar da shi, don kada a raunata na girman da ke ƙasa. A danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a kai yaro a duba. In kuwa haƙorin girma ne, a ɗauke shi ta kansa kada a taɓa saiwar, a sa shi cikin madara, a garzaya wurin likita cikin awa guda, gama ana iya dasa shi ya kama.

Kira ga shugabanni

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai reno ba za ta iya hana alewa ba muddin iyaye na cusa ta a jaka, iyaye kuma ba za su ci riba ba muddin mai tebur na zaune a ƙofar makaranta yana jiran tashin yara. Ana roƙon sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da ƙungiyoyin mata, da shugabannin 'yan kasuwa, su sa baki cikin wannan al'amari. Kwamitin makaranta yana iya sayen buroshi da mai a sari ya raba kuɗin a kan iyaye sau ɗaya a zango. Matan da ke adashi suna iya ware kwasa guda domin haka. Masu sayar da kayan zaƙi a bakin makaranta a zauna da su cikin mutunci, a nemi su ƙara da ayaba da ƙwai da gwanda. Shugabanni kuma su rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukumarsu su nemi a turo ma'aikacin haƙori ya duba yara ko da sau ɗaya ne a shekara. Ranar 20 ga Maris, wadda duniya ta keɓe domin lafiyar baki, ta dace da irin wannan ziyara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da ruwa a madadin lemo, ya saba da buroshi kafin barci tun yana hannun mai reno, da wannan ɗabi'a zai girma, ita kuma zai koya wa ƙannensa. Iyaye sun bar garuruwansu sun zo Kurmi ne domin 'ya'yan nan, bai kamata abin da aka tara da wahala ya ƙare a kan cire haƙoran da buroshi guda zai iya tsarewa ba.

Allah ya raya zuri'a, ya ba masu reno ikon riƙe amana, ya kai kowa gidansa lafiya.